Maɓallai Biyar da Kunnen Inna

A cikin akwatin ƙarfen da nake adana takardun shaidar karatuna akwai wani kaset mai minti 90, wanda na fi tattalinsa a kan takardun kansu. Na ɗauke shi ne a watan Disamba na shekarar 2003, lokacin ina ɗalibi a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da aka umarci kowannenmu ya koma garinsu ya tattaro labarin baka. Ban wahalar da kaina wajen neman wani masani ba. Na zauna gaban mahaifina a zauren gidanmu, a wani ƙauye na ƙaramar hukumar El Alasan Mairairai da ke gundumar Mayahi, na ajiye ƴar rakoda tsakaninmu, irin wadda a nan muke kira manyeto, na danna. Ya ba da labarin yadda kakanninmu suka sari daji suka gina rijiya, da yadda ake raba gonaki idan maigida ya kau, da yunwar 1984 wadda mutanenmu ke kira El Buhari. Allah ya yi masa rasuwa da daminar 2005, cikin matsin da ya biyo bayan ƙarancin ruwa da ɓarnar farar dango na shekarar 2004. Ban da hoton katinsa na ɗan ƙasa, wannan kaset ne kaɗai abin da ya rage mana na kamanninsa.

Shekara goma sha bakwai Inna ba ta taɓa tambayar kaset ɗin ba. Sai da babbar sallar 2022, bayan baƙi sun watse, ta ce, tana kallon wani wuri daban, domin ni ne ɗan farinta kuma ba ta ambaton sunana: "Wai abin nan da aka ɗauki maganar Malam, yana nan?" Na ce yana nan. Na aro rakoda na kunna mata. Ta karkato da kai ta saurara na ɗan lokaci, sannan ta ce: "Ina jin ana magana, amma ban san mi ake cewa ba. Kashe." Na kashe. A daren nan ban yi barcin kirki ba.

Ni malamin Faransanci da Hausa ne a Tasawa, kuma ɗan abin da na sani game da sauti a darasin furuci na koye shi. Sauti kaɗawar iska ce. Idan abu ya kaɗa sau da yawa cikin daƙiƙa guda, kunne ya ji shi siriri. Idan sau kaɗan ne, ya ji shi da kauri. Ana ƙirga wannan kaɗawa da ma'aunin da ake kira herz, kuma kunnen yaro lafiyayye yana kamawa daga kimanin 20 har zuwa 20,000. Shi kuwa tsufa daga sama yake fara ci. Ƙarfin wasula yana can ƙasa, saboda haka tsoho yakan daɗe yana jin su. Amma baƙaƙe irin su s da sh da ts, da ɗan fashewar nan da ke raba k da ƙ, mazauninsu sama ne, daga wajen 2,000 zuwa gaba. Wanda ya rasa saman zai ji murya sarai, ya kasa raba baki da baƙi, ko kafa da ƙafa. Ƙara masa ƙarfin rediyo ba ya warkar da komai, domin kaurin da ya riga ya danne maganar shi ma ƙaruwa zai yi. Abin da Inna ke bukata shi ne na'urar da za ta ɗaga wani ɓangare na sautin ta kwantar da wani.

Wannan na'ura ita ce masu kayan sauti ke kira ikwalaiza, ni kuwa na fi son in ce mata madaidaici. Asalinta daga wayar tarho ne: idan waya ta yi tsawo, siraran sautuka kan raunana fiye da masu kauri, sai injiniyoyi suka ƙirƙiro hanyar daidaita su a wurin isowa. A shekarar 1952 wani Baturen Ingila, Peter Baxandall, ya wallafa a mujallar Wireless World tsarin maɓallai biyu, na kauri da na siriri, wanda har yau ake samu a amfilifaya da yawa. Madaidaici ya ɗara wannan, domin yana yanka sautin gida-gida, kowane gida da maɓallinsa mai zamiya sama da ƙasa. Waɗanda na gani a shagunan Maraɗi manya ne, na masu sa kiɗa a gidan biki, suna son wutar gari, ga tsada. Gidanmu na ƙauye kuwa batir ɗaya ne mai volt 12 da farantin hasken rana. Sai wani direba da ke zuwa Kano ya sayo mini, a kasuwar Sabon Gari, wanda ake haɗawa da hannu: allo ɗan ƙarami, da aisi mai ƙafa 16 ƙirar Sanyo da ake kira LA3600, da maɓallai biyar, da ƙullin kwandansa da razista, da takardar zane mai rubutun Sinanci. Gidajensa biyar suna wajen herz 100, da 330, da 1,000, da 3,300, da 10,000, kuma kowane maɓalli na iya ɗagawa ko saukewa da kimanin desibel 10. Na huɗun nan shi ne muradina.

Dare uku na yi ina liƙa ƙafafu da dalma bayan na gama gyaran takardun ɗalibai. A dare na huɗu na jona rakoda ta gefe guda, amfilifaya ta ɗaya gefen, na kunna. Shiru. Ko ƙis babu. Nan take na yanke hukunci cewa an sayar mini da mataccen aisi, har na fara shirya maganar da zan aika wa mai shagon.

Ranar kasuwa na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo, wanda rumfarsa ta girme ni, kuma har yanzu idan wuta ta ɗauke a garwashi yake gasa ƙarfen liƙinsa. Na ce: "Baba, aisin ne ya mutu." Bai ko dubi allon ba, ya ce: "Mushe, wa ya gaya maka? Kai da kake koyar da yara, idan yaro bai zo lakwal ba sai ka ce ya mutu? Ba ka aika a duba ko ƙaya ce ta soke shi a hanya?" Sai ya sa na cire madaidaicin daga tsakani, muka jona rakoda kai tsaye da amfilifaya da wani kaset na gwaji. Sauti ya fito. Ya ce to waɗannan biyu sun kuɓuta. Ya mai da madaidaicin, ya ɗora mita a ƙafafun da wuta ke shiga aisin, allurar ba ta motsa ba. Ya bi wayar da yatsa har inda na liƙa ta ƙasa, ya ɗan girgiza ta, ta fita daga cikin dalmar kamar an zare tsinke daga tuwo. Na narka dalmar ne a bakin ƙarfe na ɗiga ta a kan waya mai sanyi, ta dunƙule a kai, dishi-dishi, ba ta kama ba. Ya nuna mini yadda ake yi: a gasa ƙafar da tagullar allon tare, sannan a kawo dalma ta narke a kansu ta malale da kanta. Liƙi mai kyau yana sheƙi, yana gangarowa kamar ɗan tsibin gero. Ya sa na sake duk wanda bai yi haka ba, sun kai goma sha ɗaya.

A wannan zama ya koya mini abin da ya fi liƙi amfani. Ya riƙe ɗan sukurdireba ta wajen ƙarfensa, ya taɓa mashigar amfilifaya, lasifika ta yi gurnani, domin jikin mutum yana kwasar kaɗawar wutar da ke wayoyin da ke kewaye da shi. Ya ja baya ya taɓa mafitar madaidaicin, gurnani. Ya ƙara ja baya ya taɓa mashigarsa, gurnani. Ya ce: "Daga lasifika kake farawa kana komawa baya, kamar mai bin sawun akuya. Inda ka taɓa ka ji shiru, ɓarnar tana tsakanin nan da inda ka ji ƙara na ƙarshe. Kada ka canza abu biyu lokaci guda, in ya gyaru ba ka san wanne ba ne. Kuma wannan wasa a gefen batir ake yin sa. Gefen wutar gari ba a kai masa yatsa."

Na koma gida da murna, amma murnar ba ta kwana ba. Da na jona shi da ƴar na'urar da ke sauke wutar gari zuwa volt 12, sai ga wani gunji mai kauri yana bin bayan kowace magana, kamar an rufe ƙudan zuma cikin tulu. Wannan karon ban zargi kowa ba, na bi hanyar dattijon. Wutar gari a Nijar volt 220 ce, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma ta ƙofa biyu take shiga sauti. Ta farko ita ce na'urar saukewar: idan babbar kwandansar da ke tace wutar ta yi ƙaranci ko ta bushe, sai gunji mai herz 100 ya tsallake. Irin wannan kwandansa da ruwa a cikinta, kuma masu ƙera ta suna lissafin cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin kwananta. Mai karatu ya tuna da bazarar ƙasarmu, inda zafi ke wuce digiri 40 a inuwa. Ta biyu ita ce wayar da ke ɗauko sauti: idan tsirara take ba rigar tagulla, takan zama kamar eriya ta kwaso herz 50 daga iska. Na cire na'urar saukewar na sa batir, gunjin ya ragu sosai amma bai ƙare ba, kuma idan na kai hannu kusa da allon sai ya ƙaru. Ashe ƙofofin biyu duk a buɗe suke. Na canza wayoyin da masu riga, na tara duk wayoyin ƙasa a wuri ɗaya, na saka allon cikin gwangwanin biskit na ƙarfe na haɗa jikinsa da ƙasa, na yanka ramuka biyar a murfin domin maɓallan. Ɗakin ya yi tsit.

Matsala ta uku ita ce ta fi ba ni kunya. Maɓalli na ɗaya yana aikinsa, na biyar ma haka. Amma na biyu da na uku da na huɗu duk abu ɗaya suke yi: kowanne na ɗaga, sai murya ta koma kamar ta mai magana ta hanci. Na huɗun da na sayi kayan dominsa bai fito da s ko ts ko ɗaya ba. Mako biyu ina aunawa ban ga komai ba, wuta tana isa ko'ina, liƙi duk yana sheƙi. Ran nan na ari gilashin ƙara girma daga ɗakin kimiyya na makaranta, na zauna ina karanta lambobin da ke jikin ƙananan kwandansa ɗaya bayan ɗaya ina gwadawa da zanen. Kwandansa biyu ne ke tsai da mazaunin kowane gida, kuma a lambarsu mai alƙaluma uku, na ƙarshe yana faɗin yawan sifirin da za a ƙara ne: 122 na nufin 1,200, 123 kuwa 12,000. Ninki goma ke tsakaninsu, alhali a ido tagwaye ne. Na sa 123 a gida na huɗu inda 122 ya kamata, na sa 122 a gida na biyu. Saboda haka na huɗun ya gangaro daga 3,300 zuwa wajen 1,000, na biyun ya hauro daga 330 zuwa wajen 1,000, suka tarar da na uku a gidansa suka cunkushe. Ni da nake rage wa yaro maki don ya manta ƙugiyar ɗ, ko ya karkata alamar da ke kan e ta Faransanci zuwa inda ba nan ba, ga shi na kasa raba 2 da 3. Laifi tudu ne, in ji Hausawa. Na musanya su, na ɗaga na huɗu, sai baƙaƙe suka fito tar kamar an share hazo.

Da hutun ƙarshen Disamba na ɗaure kayan a bayan kabu-kabu muka kama hanyar gida. Wanda ya san yankin nan na arewacin Tasawa da Mayahi ya san sunan Mairairai ba a banza aka sa shi ba. Ga hunturu ya buɗe, iska tana ɗauke da ƙura. Da na kunna don gwaji a zaure, kowane maɓalli na taɓa sai ya yi ƙaras-ƙaras kamar ana taka busasshen kara. Rairayi ya shiga ta ramukan da na yanka ya kwanta a kan hanyar da maɓallan ke zamiya. Na ɗiga musu alkol na yi ta kai da kawowa da su har suka yi shiru, na yanka ƙyalle na rufe ramukan ta ciki. Da sauran alkol ɗin na goge kan rakodar da auduga, audugar ta fito ja-ja da tsatsar tsofaffin kaset.

Bayan sallar isha'i aka shimfiɗa wa Inna tabarmar kaba. Ƙannena da matansu da jikoki suka zauna. Na sauke maɓalli na ɗaya domin ya kwantar da bugun iskar da ta shiga makirfo ranar da aka yi ɗaukar, na ɗaga na huɗu har kusan ƙarshe, na bar na biyar a ƙasa, domin na lura ba abin da yake ƙarowa sai shuuu ɗin zaren. Na danna. Magana ta fito, kowace kalma da gefenta. Na ga bakin Inna yana motsi tana bin labarin rijiya, na ce a raina aiki ya yi. Ba a yi minti uku ba ta ɗaga hannu.

"Maganar tasa ce," in ji ta, "amma wanga ba shi ba ne. Malam bai taɓa magana da gaggawa haka ba. Kuma muryarsa ba ta yara ba ce."

Na so in yi gardama. Shekara goma sha tara ina sauraren kaset ɗin nan, a wurina haka muryar mahaifina take. Sai na gane cewa kaset ɗin ya riga ya goge ainihin muryar daga kaina ya zauna a gurbinta. Na taɓa maɓallan duka, sama da ƙasa, ta ce a'a. Dole ta ce a'a, domin madaidaici ƙarfin kowane gida kawai yake ƙarawa ko ragewa, ba ya ɗauke sauti daga wani gida ya kai wani. Ina zaune sai na tuna da batiran da na saya a kasuwar ƙauye a 2003, waɗanda suka sha rana a kan tebur, da yadda ƴar fitilar rakodar ke dushewa muna cikin hira. Zaren kaset yana tafiya ne santimita 4.76 a daƙiƙa. Idan batir ya yi sanyi lokacin ɗauka, ƙaramar rakoda takan ja zaren a hankali. In aka zo aka kunna shi a na'ura mai cikakken gudu, sai magana ta yi sauri, murya ta sirance. Bambancin kashi 6 cikin 100 ya isa ya ɗaga murya da rabin mataki a ma'aunin makaɗa. Ɓarnar ba ta cikin abin da na haɗa. Tana kan zaren tun ranar farko, kuma da hannuna na sa ta.

A bayan motar da ke jan zaren, a yawancin rakodoji, akwai ɗan rami da ake zura siririn sukurdireba a rage gudu ko a ƙara. Na kwance bayan rakodar, ƙanena ya haska mini da fitilar waya. Sai dai zuwa ina zan rage? Na karanta cewa masu adana tsofaffin sautuka, idan suka sami gunjin wutar gari a kan zare, da shi suke auna gudu: su yi ta gyarawa har gunjin ya koma herz 50 daidai. Wato abin da na yi mako guda ina kora a Tasawa, da ya shiga kaset ɗin da ya zama mini ma'auni. Amma a zauren da aka yi ɗaukar babu wayar lantarki ko ɗaya. Babu mita, babu kwamfuta, babu manhajar da ta san yadda mahaifina ke magana. Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya saurare shi shekara talatin da wani abu safe da yamma.

Na ce: "Inna, zan riƙa juyawa, in ya yi ki gaya mini." Na kunna, na juya kaɗan. Ta ce: "Da saura." Na ƙara. Muryar tana sauka, kalmomin suna samun sarari tsakaninsu, har wani ɗan jan numfashi da yakan yi kafin ya ambaci sunan mamaci, wanda ban taɓa lura da shi ba, ya bayyana. Na zarce, ta ce: "Ka wuce, ya zama mai barci." Na dawo kamar faɗin gashi. Ta yi shiru. Sannan ta gyara lulluɓinta ta rufe kai sosai, yadda takan yi idan ya shigo gida da baƙo, ta ce: "Tsaya nan."

Da aka juya kaset ɗin sai da muka sake, domin a gefe na biyu batiran sun ƙara mutuwa, kuma wajen ƙarshe sau biyu tana sa ni in rage. Washegari muka maimaita, na jona mafitar madaidaicin da kwamfuta na kwafe duka a gudun da ta tsayar, sau ɗaya da maɓallan a tsakiya domin ajiya, sau ɗaya a yadda kunnenta ke so. Kowane ɗa ya samu a katin wayarsa. Tun daga nan nake tunanin kaset nawa ne irin wannan ke kwance a akwatunan malamai da tsofaffin ɗalibai daga Tasawa zuwa Mayahi. A Yamai akwai cibiyar CELHTO, wadda tun 1968 aka kafa tushenta domin tattara labarin baka, amma abin da ke gidajenmu mu ne masu tsaronsa. Zaren yana lalacewa a hankali, waɗanda za su iya cewa "tsaya nan" kuwa sun fi shi saurin tafiya. Yanzu idan na ba ɗalibaina aikin ɗauko labari, nakan ce su fara da faɗin rana da wuri da sunan mai magana, su duba cajin wayarsu, kuma kafin su baro gida su kunna wa wani tsoho ya tabbatar musu muryar ta mai ita ce.

A daren farkon nan, can wajen tsakiyar gefe na biyu, Malam ya ce a shekarar El Buhari ne aka sayar da jan sa aka sayo dawa. Inna ta daga murya, ta fuskanci lasifika, ta ce: "A'a, Malam, ka manta. Baƙin aka sayar. Jan ai ya kai kaka." Jikoki suka fashe da dariya, ita ma ta yi, tana share ido da bakin zane. Ta ce in mayar baya ta sake ji. Na mayar.

Allah ya jiƙan Malam, ya ƙara wa Inna lafiya.